Yadda Gasar Amurka Da Rasha Ta Ɓata Aikin Ban Ruwa Na Kogin Helmand

Filin manoma na wannan mako ya leƙa ƙasar Afganistan, inda aka yi wani babban aikin ban ruwa wanda ya kamata duk mai noman rani ya ji labarinsa. An fara shi a 1946 da niyyar a mai da hamada gonakin alkama da auduga. Kuɗi sun shiga, injiniyoyi sun zo, har an gina manyan madatsun ruwa guda biyu. Amma da yake aikin ya faɗa tsakiyar gasar da Amurka da Rasha suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya zama abin da manomi yake bukata daban, abin da masu ba da kuɗi suke nema kuma daban. Ga yadda abin ya gudana.

Kogin da mutanensa

Afganistan ƙasa ce ta duwatsu, ba ta da bakin teku. A zamanin da ake magana, Tarayyar Sobiyat, watau Rasha, ita ce maƙwabciyarta ta arewa, Fakistan tana kudu da gabas, Iran kuwa tana yamma. Kogin Helmand shi ne mafi tsawo a cikin ƙasar. Yana tasowa daga duwatsun da ke yamma da Kabul, babban birni, ya yi tafiyar mil kamar 700 zuwa kudu maso yamma, sa'an nan ya ƙare a cikin fadamun Sistan a kan iyakar Iran. Ba ya kai wa teku, kamar dai yadda kogin Yobe yake ƙarewa a Tafkin Cadi. Ruwansa na dusar ƙanƙara ne da take narkewa a kan duwatsu, saboda haka yakan yi ambaliya da bazara, ya janye idan zafi ya yi nisa. Ruwan sama kuwa a kudancin ƙasar bai fi inci huɗu ko biyar ba a shekara. Wanda ba shi da ruwan kogi ba shi da gona.

Tun kaka da kakanni mutanen wurin suna da dabararsu. Sukan tare gefen kogi da itace da duwatsu su karkato ruwa cikin ƙananan hanyoyi. A gindin duwatsu kuma sukan haƙa rijiyoyi a jere su haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya gangaro da kansa har gona, wannan shi suke kira karez. Kowace hanyar ruwa tana da mai rabonta, ana ce masa mirab, manoma ne suke naɗa shi, su ne kuma suke biyansa da hatsi. Idan lokacin yashe hanya ya yi, kowane gida ya ba da mutum, kamar aikin gayya. Gonakin ba su da yawa, ba su yi nisa da bakin kogi ba, amma an san halinsu.

Kuɗin fata

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Afganistan ba ta shiga faɗan ba. Tana sayar da fatun 'yan raguna na wata irin tunkiya da ake kira karakul, waɗanda masu kuɗi a Amurka da Ingila suke ɗinka huluna da riguna da su, ga shi kuwa babu kayan da za ta sayo saboda yaƙi. Ta haka dala ta taru a hannun gwamnati. Sarki Zahir Shah da 'yan majalisarsa suka ga ya kamata a zuba kuɗin a kogin Helmand. A 1946 suka ɗauki wani kamfanin gine-gine na Amurka mai suna Morrison-Knudsen, wanda ya yi suna wajen gina manyan madatsu, suka ba shi aikin hanyoyin mota da na ƙarasa babbar hanyar ruwa ta Boghra, wadda Jamusawa da Japanawa suka taɓa sa hannu a cikinta kafin yaƙi.

Kome da kome daga Amurka ake kawo shi, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Karaci, a hau da shi jirgin ƙasa, a ƙarasa da mota. Cikin shekara uku kuɗin fata ya kusa ƙarewa, aiki ko rabi bai kai ba. Gwamnati ta tafi Washinton neman rance mai yawa domin ayyuka iri iri, har da masana'antu. Bankin gwamnatin Amurka mai ba da rancen ciniki ya ƙi sauran, ya yarda da dala miliyan 21 a 1949, a kan sharaɗin a kashe su a aikin Helmand. A 1954 ya ƙara miliyan 18 da rabi. Da kuɗin nan aka gama madatsar Arghandab kusa da Kandahar a 1952, da madatsar Kajaki a 1953, wadda tsayinta ya kai ƙafa 300. Aka kuma kafa hukuma ta musamman a 1952 don ta lura da kwarin duka.

Gishiri ya fito

Abin da aka tsallake shi ne cikakken awon ƙasa kafin haƙa. Awon yana da tsada, yana kuma cin lokaci, kowa kuwa yana ɗokin ya ga ruwa yana gudu. Sauri ya haifi nawa. A wurare kamar Nad Ali da Marja, inda aka share hamada aka yanka sababbin gonaki, ashe ƙasar noman ba ta da zurfi. Ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai kama da marmara wanda ruwa ba ya ratsa shi.

Manomin da ya taɓa ganin kanwa ta fito a fadama zai gane abin da ya biyo baya. Ruwan kogi kowane iri yana ɗauke da ɗan gishiri. Idan an zuba shi a fangali, wani ya nutse ya tafi da gishirin ƙasa, wani rana ta shanye. To, idan babu inda zai nutse, sai ya taru a ƙarƙashi yana hauhawa kowace shekara har ya iske saiwar shuka. Rana ta riƙa jan ruwan sama, gishirin ya tsaya a fuskar gona fari fat. Alkama ta tsiro ta yi rawaya ta ƙone. Maganin abin an san shi: a haƙa magudanai masu zurfi a gefen gonaki, su janye ruwan da ya kwanta, a daidaita bisan gona, a kuma wanke ta da ruwa mai yawa. Amma magudanan nan ba a haƙa isassu ba tun farko.

Har wa yau, yawancin waɗanda gwamnati ta zaunar a sababbin gonakin makiyaya ne da baƙi daga wasu larduna, waɗanda ba su saba da ban ruwa ba. Tsofaffin manoma su ma, da suka tashi cikin ƙarancin ruwa, da suka ga ya yawaita sai suka riƙa malala shi fiye da kima, abin ya daɗa lalacewa. Kafin shekarun 1950 su ƙare, gidaje da yawa a Nad Ali sun tattara nasu ya nasu sun bar gonakin.

Da a ce aikin nan na gona ne kaɗai, da nan ne za a tsaya, a rage faɗinsa, a zuba sauran kuɗi a magudanai. Abin da ya hana haka daga waje ya zo.

Manya sun shigo

A 1953 Muhammad Daud, ɗan'uwan sarki, ya zama Firayim Minista. Yana da rigima da Fakistan a kan ƙasar Fashtunawa da iyaka ta raba biyu, yana kuma son makamai. Ya nema a wurin Amurka, ba a ba shi ba, domin a 1954 Amurka ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Fakistan don ta tare Rasha ta kudu. Daud ya juya arewa. A shekarar nan Rasha ta ba da rance aka gina manyan rumbunan hatsi na siminti, da injin niƙa, da gidan burodi, ta kuma shimfiɗa kwalta a titunan Kabul, aikin da bankin Amurka ya ƙi biya. A watan Disamba na 1955 shugabannin Rasha biyu, Khrushchev da Bulganin, suka zo Kabul da kansu, suka yi alkawarin rancen dala miliyan 100. Makamai suka biyo baya a 1956.

Ayyukan Rasha a tsakiyar birni suke, kowa yana taka titin, kowa yana cin burodin. Aikin Amurka kuwa yana can cikin hamada, labarin da ke fitowa daga can kuma na gishiri ne. Ko da yake kamfani ne mai zaman kansa ya yi ginin, kuma gwamnatin Afganistan ce ta ɗauke shi, duniya ta riga ta san aikin da sunan Amurka. Saboda haka manyan Washinton suka ga idan aka bar shi ya mutu, Rasha za ta yi musu dariya a gaban ƙasashen Asiya duka. A 1956 suka aiko masu bincike, kāna gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin tallafa wa aikin kai tsaye. Daga ran nan ma'aunin aikin ya sake. Maimakon a tambaya buhu nawa eka take bayarwa, sai aka koma tambayar yadda abin zai yi kyau a idon baƙo.

Aka ƙawata hedkwatar aikin, garin Lashkar Gah, da tituna miƙaƙƙu masu itatuwa, da gidajen bulo marasa katanga, da asibiti, da makaranta, da gidan silima, har mutane suka riƙa ce masa Ƙaramar Amurka. Aka gina babban filin jirgin sama a Kandahar da nufin jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da Indiya su riƙa sauka shan mai. Kafin a gama shi a farkon shekarun 1960, sababbin jirage masu dogon zango sun fito, ba su bukatar tsayawa. Amurka ta shimfiɗa hanya daga Kabul zuwa Kandahar, Rasha ta shimfiɗa tata daga iyakarta zuwa Herat da Kandahar, ta kuma huda dutsen Salang a 1964. Rasha ma ta buɗe nata aikin ban ruwa a Nangarhar kusa da Jalalabad, da madatsar Darunta da manyan gonakin gwamnati na zaitun da lemo, don kada a ce Amurka kaɗai ta iya.

Ba a ce ayyukan nan ba su da amfani ba, hanyoyin sun yi wa fatake rana ƙwarai. Amma kuɗin da ya tafi wajen abin nunawa, shi ne wanda bai je wa magudana ba. Magudana rami ne mai laka a bayan gona. Ba a kai babban baƙo ya buɗe shi, ba a buga hotonsa a jarida.

An rufe iyaka

A watan Satumba na 1961 rigimar Afganistan da Fakistan ta tsananta, aka yanke hulɗa, aka rufe iyaka har 1963. Kayan aikin da Amurka ta aiko, da injuna da kayan gyaransu, suka tsaya jibge a Fakistan. Amurka ta rasa yadda za ta yi, ga abokiyar tsaronta a gefe guda, ga aikinta a ɗaya gefen. Daga baya aka riƙa zagayo da kaya ta Iran, hanya mai nisa da tsada. Masu lambunan inabi da rumman na Kandahar, waɗanda kasuwarsu take Fakistan da Indiya, suka wayi gari da amfanin gona a hannu babu hanyar fita. Rasha ta aiko jiragen sama ta kwashe inabi ta saya, ta sami suna a banza. Makiyayan da suka saba gangarawa kwarin Indus da sanyi aka tare su a iyaka da dabbobinsu. Manomi da bafatake da makiyayi babu wanda aka yi shawara da shi, amma su ne suka biya.

Wani abu kuma ya faru a yankin Shamalan a ƙarshen shekarun 1960. Masana suka kawo shirin a ɗauke manoma daga gonakinsu na ɗan lokaci, katafila ta baje ƙasar, a haƙa magudanai, sa'an nan a mayar wa kowa tasa. A takarda shirin daidai yake. Amma ba a zauna da masu gonakin an fahimtar da su tun farko ba, su kuwa ba su amince gwamnati za ta mayar musu da abin da ta karɓa ba. Suka ƙi tashi, ala tilas aka sake shirin.

An fara ganin haske

Duk da haka, zuwa shekarun 1970 aikin ya soma miƙewa. An kawo sabon irin alkama mai gajeren kara, wanda asalinsa daga Meksiko ne, tare da takin zamani. Manoma suka koyi shuka sau biyu a shekara, alkama da sanyi, auduga ko masara ko kankana da zafi. Akwai gidan gurzar auduga a Lashkar Gah wanda Ingilishi suka taimaka aka kafa, yana saye a hannun manoma. A 1973 Afganistan da Iran suka sa hannu a kan yarjejeniyar rabon ruwan kogin. A 1975 aka kunna injunan wutar lantarki biyu a Kajaki, aka bar gurbin na uku. A shekarar nan kuma aka shiga haƙa magudanai sosai, yawanci da hannu, ana biyan leburori lada. Inda magudana ta kai, gishiri ya ja baya, gona ta farfaɗo. Aka kuma fara aikin sa ƙofofin ƙarfe a bakin madatsar Kajaki domin ta riƙe ruwa fiye da da. Bayan shekara talatin, an zo ga abin da ya kamata a fara da shi.

Lokaci kuwa ya ƙure. A watan Afrilu na 1978 sojoji masu ra'ayin kwaminis suka kashe Daud, wanda ya tuɓe sarki tun 1973, suka karɓi mulki. Sabuwar gwamnati ta kafa dokar cewa kada gida ya mallaki fiye da eka kamar 15 na ƙasa mai kyau, aka shiga ƙwace gonaki ana rabawa ba tare da an tsara rabon ruwa da iri da rance ba. Karkara ta hargitse. A watan Fabrairu na 1979 aka kashe jakadan Amurka, Adolph Dubs, a Kabul. Amurka ta yanke taimako, ma'aikatanta suka tafi. Magudanai suka tsaya inda diga ta tsaya, ƙofofin Kajaki ba a ɗaura su ba, gurbin inji na uku ya zauna fanko. A ƙarshen Disamba na 1979 sojojin Rasha suka shigo ƙasar.

Shekara tara da 'yan watanni aka yi ana yaƙi, Rasha tana riƙe da birane, Amurka tana aika wa masu jihadi makamai ta hannun Fakistan. Mutane fiye da miliyan biyar suka gudu zuwa Fakistan da Iran. Aka binne nakiyoyi a gonaki da bakin hanyoyin ruwa, karez da yawa suka rushe. Injiniyoyi da akawuna da malaman gona da aka yi shekaru ana horarwa suka watse. Babu mai yashe babbar hanyar Boghra yadda ya kamata, babu mai saye auduga a kan kari. Gonakin zaitun da Rasha ta dasa a Nangarhar su ma yaƙin bai bar su ba. Da sojojin Rasha suka fita a watan Fabrairu na 1989, ba da daɗewa ba hankalin Amurka ya koma wani wuri, ƙasar kuma ta faɗa yaƙin basasa.

Shukar da ta gaji auduga

Manomin da ya rage a Helmand yana da iyali, dole ya shuka abin da zai sayu. Sai ya koma ga wani tsiro mai fure da ake kira fofi, wanda ake tsaga ƙwallonsa a tatsi ƙaro, da ƙaron ake yin ofiyam da hiroyin, miyagun ƙwayoyi masu halaka mutane. Dalilinsa a fili yake. Ƙaron ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, ba ya bukatar hanya mai kyau ko gidan gurza. Mai saye yakan zo har gida, yakan kuma ba da kuɗi tun kafin shuka, irin na ba-da-kaka. Ruwan da aka tare don alkama da auduga shi ya shayar da fofi. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa lardin Helmand kaɗai ya fi kowace ƙasa a duniya fitar da ofiyam, in ban da ita Afganistan ɗin kanta.

Da Amurka ta komo da sojoji a 2001 ta sake waiwayar Kajaki. A 2008 sojoji dubbai, Ingilishi ne a gaba, suka yi rakiyar inji na uku daga Kandahar zuwa madatsar a cikin jerin motoci kamar ɗari. Aka buga labarin ko'ina a duniya. Amma saboda rashin zaman lafiya a hanya ba a iya kai simintin da za a kafa shi ba, injin ya zauna a ƙasa sai 2016 ya fara aiki, shekara 41 bayan 'yan'uwansa biyu. Sojojin Amurka suka fita a 2021. A 2022 gwamnatin Taliban ta hana noman fofi, a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce nomansa ya ragu da kashi 95 cikin ɗari a ƙasar, manoma da yawa suka koma alkama, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na da ba.

Abin lura

Ba za a ɗora wa gasar manya laifin kome ba. Dutsen da ke ƙarƙashin Nad Ali yana nan tun kafin a san Amurka ko Rasha, gwamnatin Kabul ma tana da nata rabon, domin ita ta matsa a yi sauri, ita kuma ta zaunar da mutane a ƙasar da ba a auna ba. Abin da gasar ta yi shi ne ta hana a gyara kuskure da wuri, ta karkatar da kuɗi zuwa abin nunawa, ta toshe hanyar kaya sa'ad da ake bukatarsu, daga ƙarshe ta kawo yaƙi a daidai lokacin da gyara ya kama hanya.

Saboda haka duk jama'ar da aka kawo wa babban aikin ban ruwa da kuɗin waje, akwai tambayoyin da ya kamata su yi tun ba a sa diga ba. An haƙa ƙasar an ga abin da ke ƙarƙashinta? Ina ruwan da ya shiga gona zai fita, kuma kuɗin magudana yana cikin lissafin farko ko an bar shi sai gaba? In inji ya lalace, ana samun kayan gyaransa a kasuwar kusa, ko sai an jira jirgi daga wata ƙasa? Wa zai riƙa rabon ruwa, wanda manoma suka naɗa ko wanda aka aiko musu? Bafatake ya tambaya ko kayan da za a noma suna da hanyar fita fiye da ɗaya. Akawun da ke rubuta takardar rance kuma ya duba da kyau abin da mai ba da kuɗin yake nema a madadinsu, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Taimakon babbar ƙasa yakan zo ne sa'ad da take da bukata a wurin, yakan kuma tafi ran da bukatar ta ƙare, ko aiki ya gama ko bai gama ba. Zanen aro ba ya rufe katara. A Helmand, cikin shekarun yaƙi da hukuma ta watse, ƙauyukan da suka riƙe mirab ɗinsu da aikin gayyarsu su ne suka ci gaba da yashe ƙananan hanyoyinsu da hannu, ruwa ya riƙa kai wa gona gwargwadon hali.

Allah ya ba manoma damina mai albarka da rani mai amfani, amin.